BABI NA UKU: GOYON BAYAN MALAMAN JAMI'A GA ZANGA-ZANGAR ƊALIBAI A KAN BASHI DA CEFANAR DA ILIMI, DA YADDA ABIN YA SHAFI MANOMAN KURA DA BUNKURE

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana dalilan da suka sa malaman jami'o'in Nijeriya, tun daga shekarar 1978, suka riƙa mara wa ɗalibansu baya a duk lokacin da ɗaliban suka fito suna adawa da ƙarin kuɗin karatu, ko cin bashi da sunan jami'a, ko miƙa wasu ayyukan jami'a ga 'yan kasuwa. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, me zai sa malami, wanda yake ma'aikacin gwamnati ne mai albashi da gidan kwana, ya jefa aikinsa cikin haɗari saboda kuɗin abinci ko na ɗakin kwanan da ba shi zai biya ba? Gwamnatocin soja sun amsa da cewa malaman masu zuga ne kawai. Wannan nazari yana ganin amsar ta wuce nan, kuma hanya mafi sauƙi ta gane haka ita ce a kalli al'amarin daga gidan manomin da ya tura ɗansa jami'a. Don haka ne aka ɗauki yankin noman rani na Kura da Bunkure a matsayin madubi.

3.1 Manomin Rani da Ɗansa Ɗan Jami'a

Aikin noman rani na Kogin Kano ya dogara ne a kan madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin gwamna Audu Baƙo. Daga nan ne ruwa ke bin babbar magudana har zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Bayan an kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, sai kula da aikin ya koma hannun gwamnatin tarayya. Abin lura a nan shi ne, manomin da ke cikin wannan tsari ba kamar manomin damina ba ne. Shi sai ya biya kuɗin ruwa, ya ɗauki hayar tarakta, ya sayi iri da takin zamani da maganin feshi, ya biya 'yan ƙwadago, kafin ya ga ko buhu ɗaya na alkama ko kwando ɗaya na tumatir. Wato dai nomansa na kuɗi ne daga farko har ƙarshe, kuma a shekarun farko gwamnati ce ke ɗauke masa wani kaso mai tsoka na wannan kuɗi ta hanyar rangwame.

Haka abin yake ga ɗansa idan Allah ya sa ya samu gurbi a Jami'ar Bayero ta Kano ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 1977 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'i, abinci da ɗakin kwana suna da rangwame, gwamnatin jiha kuma tana ba da tallafin karatu. Ke nan uba da ɗa duk a ƙarƙashin inuwa ɗaya suke, ta kuɗin man fetur. Duk ranar da aka sare wannan inuwa, rana za ta dake su tare, kuma daga aljihu ɗaya za a nemi biyan ƙarin kuɗin taki da ƙarin kuɗin makaranta.

Su ma malaman ba baƙi ba ne a wannan yanki. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da tashar gwaji a Kadawa, masana zamantakewa irin su Tina Wallace sun yi bincike a kan manoman aikin a ƙarshen shekarun 1970, sannan Bjorn Beckman, wanda ya koyar a Zariya, shi da Gunilla Andrae sun wallafa littafi a 1985 a kan yadda Nijeriya ta faɗa tarkon alkama da burodi. Saboda haka lokacin da malaman Zariya da Kano suke sukar manyan ayyukan da ake tsarawa daga sama ba tare da shawarar talaka ba, abin da suka gani da idonsu a hanyar Kano zuwa Zariya yana cikin hujjojinsu.

3.2 Mafarin Al'amarin: 1978 zuwa 1984

A watan Afrilun 1978 aka tayar da rikicin da aka fi sani da "Ali Must Go", wato dole Ali ya sauka. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda Dokta Jibril Aminu yake sakatarenta, ta sanar da ƙarin kuɗin abinci, ta kuma kai kuɗin ɗakin kwana naira 90 a shekara. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa a ƙarƙashin Segun Okeowo ta ɗora laifin a kan Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An harbe wani ɗalibi, Akintunde Ojo, a Legas, sannan sojoji suka kashe wasu a Samarun Zariya. Bayan ƙura ta lafa gwamnati ta haramta ƙungiyar ɗaliban, ta sauke shugabannin jami'o'in Legas da Zariya, wato Farfesa Ade Ajayi da Farfesa Iya Abubakar, ta kuma kori wasu malamai irin su Ola Oni da Bade Onimode da Omafume Onoge na Ibadan da Edwin Madunagu, bisa zargin sun goyi bayan ɗalibai. A wannan shekara ce aka kafa Ƙungiyar Malaman Jami'o'i ta Ƙasa, ASUU, a madadin tsohuwar ƙungiyar malamai ta 1965. Ba abin mamaki ba ne ƙungiyar da aka haifa cikin irin wannan yanayi ta tashi tana ganin matsalar ɗalibi tata ce.

A 1984 kuma gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta janye tallafin ciyar da ɗalibai, aka bar dafa abinci a hannun 'yan kwangila da masu sayar da abinci. Wannan shi ne sashen jami'a na farko da aka cefanar a fili. ASUU, a ƙarƙashin Dokta Mahmud Modibbo Tukur na sashen tarihi a Zariya, ta yi adawa da matakin.

3.3 Kisan Zariya na 1986 da Shirin SAP

Janar Ibrahim Babangida ya hau mulki a watan Agustan 1985, ya buɗe muhawara a kan ko Nijeriya ta karɓi bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF. Malamai da ɗalibai da ƙungiyoyin ƙwadago suka ce a'a, gwamnati ta sanar a watan Disamba cewa ta bi ra'ayin jama'a. Amma a watan Yulin 1986 sai ga shirin gyaran tattalin arziki na SAP, wanda ya ƙunshi kusan dukkan sharuɗɗan da aka ƙi: karya darajar naira, janye rangwame, rage ma'aikata, da sayar da kamfanonin gwamnati. An ƙi cin biri an ci dila ke nan.

Ana tsakiyar wannan ne, ranar 23 ga Mayu 1986, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Jami'ar Ahmadu Bello. Asalin rikicin jerin gwano ne da ɗalibai suka yi don tunawa da waɗanda aka kashe a 1978, aka hukunta shugabanninsu, su kuma suka nemi shugaban jami'ar, Farfesa Ango Abdullahi, ya sauka. Hukuma ta ce mutum 4 suka mutu, ɗalibai suka ce adadin ya fi haka. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye, wanda ASUU da Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa suka nuna rashin amincewa da shi. Da ƙungiyar ƙwadago ta shirya zanga-zangar nuna alhini ranar 4 ga Yuni, sai aka kama shugabanninta, ciki har da Ali Ciroma, aka kuma yi dokar soja da ta raba ASUU da ita. Rahoton kwamitin ya zargi wasu malamai da koyar da abin da ba a biya su su koyar ba, ya nemi a kawar da su. Wannan zargi ya zama bulalar da aka riƙa dukan malamai da ita shekaru da dama. An kori shugaban ASUU, Dokta Festus Iyayi, daga Jami'ar Benin a 1987. A 1988 aka tasa ƙeyar Dokta Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa a Zariya, zuwa Ingila, aka kuma haramta ASUU ɗin kanta, aka tsare sabon shugabanta, Dokta Attahiru Jega na Jami'ar Bayero. A 1989, shekarar da ɗalibai suka jagoranci babbar tarzomar ƙin jinin SAP a watannin Mayu da Yuni, aka yi wa Dokta Yusufu Bala Usman ritayar dole, sai kotu ce ta mayar da shi.

Idan aka koma Kura da Bunkure a waɗannan shekaru, za a ga cewa SAP ya zo wa manomi da fuska biyu. An hana shigo da alkama daga watan Janairun 1987, farashinta ya tashi, masu hali suka samu riba. Amma dala da take kusan daidai da naira 1 a 1985 ta kai kimanin naira 4 a 1987, ta kai kimanin naira 8 a 1990, kuma taki da maganin feshi da kayan gyaran tarakta akasarinsu da dala ake sayo su. An taƙaita aikin hukumomin raya koguna a kan samar da ruwa kawai, sannan Doka ta 25 ta 1988, wadda kwamitin Dokta Hamza Zayyad ya aiwatar, ta sa su cikin jerin hukumomin da za su fara neman kuɗin kansu. Ƙaramin manomi mai kadada ɗaya ko biyu sau da yawa sai ya ba da gonarsa haya ga mai kuɗi. Da aka ɗage takunkumin alkamar a 1992 ma, sai 'yar ribar ta bi ruwa. Irin wannan manomi ne ake cewa ya ɗauki nauyin ɗansa a jami'a, a daidai lokacin da littafin karatu guda da ake shigo da shi daga Ingila yake neman fin ƙarfin malami da kansa.

3.4 Bashin Bankin Duniya na 1990

A nan ne haɗin kan malamai da ɗalibai ya fi fitowa fili, don haka za a ɗan tsaya a kansa. A shekarun 1980 Bankin Duniya yana da ra'ayin cewa kuɗin da ƙasashen Afirka ke kashewa a jami'a ba ya kawo amfani kamar wanda ake kashewa a firamare, kuma tunda mai digiri shi zai ci moriyar digirinsa, to shi ya kamata ya biya. A kan wannan tunani aka shirya wa jami'o'in tarayya na Nijeriya bashin dala miliyan 120, wanda za a saki kashi uku, don sayen littattafai da mujallu da kayan ɗakin gwaji. Babu wanda ya musa cewa ana bukatar waɗannan kaya, domin ɗakunan karatu sun shekara ba su ga sabuwar mujalla ba. Inda gizo ke saƙar shi ne sharuɗɗan. Kafin a saki kowane kashi sai jami'a ta nuna ta rage ma'aikata, ta rufe ko ta haɗe sassan da ake ganin ɗalibansu sun yi kaɗan, ta ƙara samun kuɗi daga ɗakunan kwana da karatun gaba da digiri, ta kuma janye daga kwasa-kwasan da ba su kai digiri ba, har da karatun share fage.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi shafar Arewa, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. Yaron da ya gama sakandaren ƙauye a ƙasar Kura ko Rano, inda malamin lissafi ko na kimiyya yake wuyar samu, ba kasafai yake fitowa da sakamakon da zai kai shi jami'a kai tsaye ba. Ƙofar da aka buɗe masa ita ce ta share fage, kamar Makarantar Share Fage ta Zariya da takwararta ta Jami'ar Bayero. A takardar mai lissafin banki, wannan karatu ɓarnar kuɗi ce, domin aikin sakandare ne ake yi da albashin jami'a. Amma a wurin ɗan manomi, rufe ta daidai yake da rufe jami'ar gaba ɗaya.

Hujjar malaman, waɗanda a lokacin suke aiki da sunan wata ƙungiya ta wucin gadi saboda haramcin 1988, ta tsaya a kan abubuwa kamar haka. Bashin da dala za a biya shi, alhali naira kullum faɗuwa take yi. Kayan da za a saya daga ƙasashen masu ba da bashin za su fito, wato kuɗin zai koma inda ya fito ya bar Nijeriya da biya. Mafi muhimmanci kuma, majalisar malamai ta kowace jami'a ce doka ta ba ikon cewa ga abin da za a koyar, ga wanda za a bari, to yaya za a ce wani jami'in banki a Washintan ne zai yanke hukuncin ko sashen Hausa ko na Larabci ko na falsafa ya cancanci rayuwa? Ba za a ɓoye ba cewa malaman suna kare tuwonsu ma, tunda su ne za a rage. Sai dai wannan bai rage ƙarfin hujjar ba, hasali ma shi ya sa haɗin kan ya yi ƙarko, domin takarda ɗaya ce ta ƙunshi korar malami da ƙarin kuɗin ɗalibi.

A watannin Maris da Afrilun 1990 aka yi zanga-zanga da tarurruka a Zariya da Ife da wasu jami'o'i. An shirya babban taron ƙasa a kan bashin a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife, sai ga yunƙurin juyin mulkin Manjo Gideon Orkar ranar 22 ga Afrilu. Gwamnati ta fake da guzuma ta harbi karsana: aka tsare Omotoye Olorode da Idowu Awopetu, malaman Ife da ke kan gaba wajen adawa da bashin, aka kuma raba su da aikinsu, ga shugabannin ɗalibai da aka kama. An dai sa hannu a kan bashin, amma cika sharuɗɗan ya gagara, ba a kuma saki dukkan kuɗin ga jami'o'in ba.

Ya kamata a ambata cewa ba Nijeriya kaɗai ba ce. Ranar 9 ga Fabrairun wannan shekara ta 1990, jami'an tsaro sun harbe ɗalibai 3 a kan gadar Kennedy da ke Yamai, suna zanga-zangar adawa da wani shirin ilimi na Bankin Duniya da zai rage musu tallafi. Wannan kisa yana cikin abubuwan da suka kai Nijar ga taron ƙasa na 1991.

3.5 Haraji a Madadin Bashi

Masu sukar ASUU kan ce ƙungiyar ta iya ƙi amma ba ta iya kawo mafita ba. Tarihin 1992 bai goyi bayan wannan magana ba. A yajin aikin wannan shekara, wanda aka sake haramta ƙungiyar saboda shi, gwamnati ta tambayi malamai inda za a samo kuɗin da suke nema. Sai suka kawo shawarar a ɗora wa kamfanoni haraji na musamman, tunda su ne ke ɗaukar waɗanda jami'a ta horar. An sa hannu a yarjejeniya ranar 3 ga Satumba 1992, aka kuma yi Doka ta 7 ta 1993 wadda ta ɗora kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanoni. Wannan asusu ne ya zama TETFund a 2011, kuma duk wanda ya zaga sabon mazaunin Jami'ar Bayero ko jami'ar jiha da ke Wudil zai ga sunansa a jikin gine-gine. Abin sha'awa shi ne, a wannan shekara ta 1993 ɗin aka yi dokar da ta buɗe ƙofa ga jami'o'i masu zaman kansu, waɗanda uku na farko, Igbinedion da Babcock da Madonna, suka samu lasisi a 1999. Tun daga nan hanyoyi biyu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ta ɗaukar nauyin ilimi daga haraji da ta ɗora shi a kan iyaye.

3.6 Dawowar Bashi ta Ƙofar Ɗalibi

Bashin 1990 a wuyan ƙasa yake, na baya-bayan nan kuwa a wuyan ɗalibi. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, abin da ya ninka kuɗin ban-ruwa ga duk manomin da ke amfani da inji a wajen magudanun gwamnati, ya kuma ƙara kuɗin kai tumatir daga Kwanar Gafan zuwa Legas. A watan Yuni ya sa hannu a dokar ba ɗalibai bashi, aka sake ta a watan Afrilun 2024 aka kafa asusun NELFUND. A tsakanin nan jami'o'in tarayya da yawa, har da Bayero, suka ninka kuɗin rajista, har gwamnatin Jihar Kano ta ware naira miliyan 700 a 2023 don biya wa 'yan jiha kimanin 7,000 da ke jami'ar.

Bashin ba shi da ruwa, wanda hakan ya kawar da damuwar riba ga Musulmi, kuma biya yana farawa ne shekara 2 bayan bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Duk da haka ASUU, a ƙarƙashin Farfesa Emmanuel Osodeke, ta ƙi shi. Ta tunatar da cewa hukumar bashin ɗalibai ta 1972 da bankin ilimi na 1993 duk sun durƙushe, ta ce samuwar bashi lasisi ne ga jami'o'i su riƙa ƙara kuɗi, ta nemi a mayar da shi tallafi ga 'ya'yan talakawa. Da aka kawo ƙudurin gyaran haraji a 2024, wanda zai janye kason TETFund sannu a hankali ya mayar ga asusun bashin, ƙungiyar ta tashi haiƙan, kuma dokar da aka zartar a 2025 ta bar wa TETFund rabin sabon harajin.

Sai dai gaskiya ita ce haɗin kan wannan karo bai kai na 1990 ba. Ƙungiyar ɗalibai ta NANS ta daɗe da rarrabuwa, wasu shugabanninta ma yabon shirin bashin suka yi. Yajin aikin wata 8 na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya bar ɗalibai da iyaye da yawa suna jin haushin malamai ba gwamnati kaɗai ba, ga kuma tsohon ƙorafin sayar da takardun darasi da wasu malamai ke yi. Ɗan manomin Bunkure da aka ce ya biya rajista kafin a rufe shafin intanet ranar Juma'a ba zai tsaya jiran muhawarar haraji da bashi ba, cike fom ɗin NELFUND zai yi. Tambayar da malamansa ke yi ita ce yadda za a cire kashi 10 daga albashin wanda ya gama digiri bai samu aiki ba, ya koma gida yana noman shinkafa a gonar mahaifinsa, inda kuɗi ke shigowa sau ɗaya ko biyu a shekara, wani lokaci ma tsutsar sharon ta cinye tumatirin kamar yadda ta yi a 2016.